Da Koyo Akan Iya: Faya-fayan Farko na Bob Dylan

Ranar 19 ga Maris, 1962, kamfanin Columbia da ke New York ya saki faifan wani saurayi ɗan shekara 20 wanda bai fi shekara guda da 'yan watanni da shigowa birnin ba. Sunan faifan shi ne sunan mai shi, Bob Dylan, ko da yake a lokacin ba wannan suna ne ke takardunsa na hukuma ba. A zama biyu kacal aka ɗauki waƙoƙin, ranar 20 da 22 ga Nuwamban 1961, babu makaɗa babu 'yan amshi, daga shi sai jitarsa da harmonika, 'yar abar busar nan da yake ratayawa a wuya da mariƙin ƙarfe. Abin da aka kashe, yadda aka ruwaito, dala 402 ne. A shekarar farko kwafi kusan 5,000 aka sayar, har ma'aikatan kamfanin suka riƙa kiran yaron wautar Hammond, suna zolayar John Hammond, dattijon da ya ɗauko shi, mutumin da a baya ya yi ruwa ya yi tsaki wajen fito da Billie Holiday da Count Basie. Cikin waƙoƙi 13 da ke faifan, biyu ne kawai nasa. Sauran na mutane ne, wasu ma ba a san wanda ya ƙago su ba. Shi ya sa har yau masoyansa da yawa ke tsallake faifan su fara lissafi daga na biyu. Ni kuwa ina ganin duk mai son ya gane yadda mawaƙi ya kai ga kyautar Nobel ta adabi a 2016, to a wannan faifan, da abin da aka naɗa a tef a ɗakunan abokai da gidajen gahawa tsakanin 1960 da 1962, zai sami amsa. Dabarar da ta fito da shi ita ce ɗora sabuwar magana a kan tsohon kari. A waɗannan shekarun na kwaikwayo ya koye ta, kuma har tsufansa bai sake ta ba.

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne ba gadon waƙa ya yi ba. An haife shi ranar 24 ga Mayu, 1941, a Duluth ta jihar Minnesota, aka raɗa masa Robert Allen Zimmerman, ya tashi a Hibbing, garin masu haƙar tama can arewa kusa da Kanada, a gidan Yahudawa masu rufin asiri. Mahaifinsa da 'yan'uwan mahaifin kantin kayan lantarki gare su. Kiɗan da ya fara tafiya da hankalinsa shi ne rok, na samarin zamanin. A sakandare piyano yake duka yana ihu, kuma a littafin 'yan ajinsu na 1959 burin da aka rubuta masa shi ne ya shiga tawagar Little Richard. A ƙarshen Janairun wannan shekara ya je kallon Buddy Holly a Duluth, kwana uku kafin Holly ya mutu a haɗarin jirgin sama. Sai da ya shiga Jami'ar Minnesota a Minneapolis cikin Satumba sannan ya faɗa cikin ɗaliban unguwar Dinkytown masu zaman gidajen gahawa, waɗanda suka raina kiɗan rediyo suka koma neman tsofaffin waƙoƙin manoma da fursunoni da leburorin jirgin ƙasa. Faifan Odetta, baƙar fata mai kakkaurar murya, shi ya sa ya musanya jitarsa mai lantarki da ta katako. Waɗannan samari ba a gona suka ji waƙoƙin ba, ba kuma a bakin kakanni ba. Daga faifai suka same su, musamman tarin waƙoƙi 84 da Harry Smith ya tsinto daga faya-fayan ƙarshen shekarun 1920 da farkon 1930, wanda kamfanin Folkways ya fitar a 1952. Dylan ya yi suna wajen ɗaukar faifan mutane, har wasu abokansa na Minneapolis suka ba da labari daga baya cewa an taɓa neman tarin faya-fayai aka rasa, ashe suna wurinsa. Garmaho ne malaminsa na farko, don haka kwaikwayonsa na kunne ne zalla. Yana ɗaukar har inda mai waƙa ya ja numfashi da inda muryarsa ta karye.

A 1960 ya karanta Bound for Glory, tarihin rayuwar Woody Guthrie da aka buga a 1943, daga nan komai ya tsaya sai Guthrie. Shi Guthrie mutumin Oklahoma ne wanda ya rera wahalar manoman da fari da guguwar ƙura suka kora daga gonakinsu a shekarun 1930. Dylan bai tsaya ga haddace waƙoƙinsa ba, ya ɗauki karin harshensa na Oklahoma da salon surutunsa tsakanin waƙa da waƙa, yaron da bai taɓa zama a kudu ba. A Janairun 1961, bayan ya riga ya watsar da karatu, ya isa New York, ya tarar da gwanin nasa kwance a asibitin Greystone Park a New Jersey, cutar Huntington ta ci ƙarfinsa. Yakan zauna kusa da shi ya rera masa waƙoƙinsa. A birnin kuma ya tarar wani ya riga shi bin wannan hanya, Ramblin' Jack Elliott, ɗan likita daga Brooklyn wanda ya yi yawo tare da Guthrie har ya iya shi fiye da kowa, sai Dylan ya koma yana kwaikwayon mai kwaikwayo. Ya kuma haɗa da ƙarya. Ya ce a Gallup ta New Mexico ya tashi, ya ce ya yi shekaru yana bin masu wasan nishaɗi gari-gari, wani lokaci ma ya ce shi maraya ne, alhali iyayensa na Hibbing da ransu. Mujallar Newsweek ce ta tona asirin a Nuwamban 1963. Ƙarya dai ƙarya ce, ba sai an yi mata kwalliya ba. Amma tana nuna cewa tun da wuri ya lura waɗannan waƙoƙi ba sa zama a bakin kowa, sai a bakin wanda za a yarda ya ga abin da yake faɗa. Da ya duba ya ga ba shi da irin wannan tarihi, sai ya ƙirƙiro shi.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. Ranar 11 ga Afrilu, 1961, ya buɗe fage ga John Lee Hooker a Gerde's Folk City. Ranar 29 ga Satumba Robert Shelton ya yabe shi a jaridar New York Times, kuma a wannan watan ne Hammond ya gan shi yana busa wa mawaƙiya Carolyn Hester harmonika. A Oktoba aka sa hannu a kwantaragi. Kada mai karatu ya ɗauka cewa gari ya ɗauka: wasan da Izzy Young ya shirya masa a wani ƙaramin ɗaki na zauren Carnegie ranar 4 ga Nuwamba, mutum 53 ne suka halarta.

Idan aka saurari faifan da kunnen basira, abin da zai fara ba mutum mamaki shi ne yawan zancen mutuwa. Akwai See That My Grave Is Kept Clean ta Blind Lemon Jefferson, makahon mawaƙin Texas da ya rasu a 1929, akwai Fixin' to Die ta Bukka White, akwai In My Time of Dyin' ta majami'un baƙar fata. Yaro ɗan shekara 20, wanda bai san yunwa ko kurkuku ba, yana rera wasiyyar mutanen da suka sha duniya. A wurare da dama rigar ta yi masa yawa. Yana matse maƙogwaro don muryar ta yi kama da ta tsoho, yana gudu inda ya kamata ya nutsu, kuma ihun da yake yi a wasu baitoci ya fi kama da na yaron da ya so bin Little Richard. Amma a cikin wannan ƙoƙarin ne ake jin abubuwan da suka zama tambarinsa daga baya. Yana jan gaɓa ɗaya har sai mai sauraro ya ƙosa, kamar yadda ya yi a Freight Train Blues, sannan ya cusa kalmomi biyar a gurbin biyu. Yana zuwa gaban kiɗa ko bayansa da gangan. Yana sa dariya a tsakiyar abin tausayi. Mawaƙan gargajiya da kasuwa ta fi so a lokacin, irin su Kingston Trio, goge waƙoƙin suke yi su yi musu santsi don su dace da falon masu hali. Joan Baez kuma da tattausar murya mai tsabta take rera su. Dylan ya zaɓi kaushin tsofaffin faya-fayan, kuma wannan zaɓi ne ya ba shi damar, bayan shekara uku ko huɗu, ya rera dogayen baitoci masu zafi da ba za su taɓa zama a murya mai santsi ba.

Babbar hujjata tana cikin ɗaya daga waƙoƙi biyun da ya rubuta, Song to Woody, wadda ya yi don girmama Guthrie. Kalmomin nasa ne, amma karin na Guthrie ne, daga waƙarsa 1913 Massacre, wadda ke ba da labarin mutum 73, yawancinsu 'ya'yan ma'aikatan ma'adinai masu yajin aiki, da suka mutu a turmutsutsu a Calumet ta Michigan a jajibirin Kirsimeti na 1913. Wato ya yi wa malaminsa waƙa da karin malamin, kuma duk wanda ya san Guthrie zai ji waƙoƙi biyu a lokaci guda, wadda ake rerawa da wadda ke ƙarƙashinta. A waƙar ya ambaci Cisco Houston da Sonny Terry da Lead Belly, ya jera kansa a bayansu, a lokaci guda kuma yana sallama da su. Ɗayar, Talkin' New York, a salon waƙar magana ta Guthrie ya zuba ta, amma labarin nasa ne, na baƙon yaro da sanyi da masu gidajen gahawa suka wahalar. A nan ne ya fara gane cewa ba dole sai ya zama Guthrie ba. Zai iya riƙe ginin ya sauya mazauna.

Faifan ma bai nuna inda ya kai ba, domin Columbia ta yi wata huɗu kafin ta fitar da shi, kuma a lokacin wata huɗu zamani ne a rayuwarsa. Tef ɗin da abokinsa Tony Glover ya naɗa a Minneapolis ranar 22 ga Disamba, 1961, wata guda bayan zaman situdiyo, ya nuna mutumin da ya fi sakin jiki, yana shiga waƙar wannan ya fita ya shiga ta wancan, har da nasa sababbi irin Hard Times in New York Town, ita ma a kan tsohon karin manoman kudu. A farkon 1962 ya fara rubuta waƙa ba ƙaƙƙautawa. Mujallar Broadside, wadda Sis Cunningham da mijinta Gordon Friesen suka kafa a Fabrairun wannan shekara, ta buga waƙarsa ta zambo ga 'yan ƙungiyar John Birch a fitowarta ta farko. Budurwarsa Suze Rotolo tana aiki da ƙungiyar CORE mai yaƙi da wariyar launin fata, ta nan ya shiga zancen. Waƙarsa kan Emmett Till, yaro baƙar fata ɗan shekara 14 da aka kashe a Mississippi a 1955, ta fito da zuciya ɗaya, amma wa'azi ya yi mata yawa, tana gaya wa mai sauraro abin da ya kamata ya ji. Shi kansa bai sa ta a faifansa ba, kuma ya faɗa a rediyo cewa daga Len Chandler ya ɗauki karinta. Waɗannan waƙoƙin na tsaka-tsaki su ne suka fi amfani ga mai nazari, don a cikinsu ake ganin yana da kari, yana da abin faɗa, amma bai san yadda zai bar tsohon karin ya yi masa rabin aikin ba tukuna.

Da ya sani, sai ga faifai na biyu, The Freewheelin' Bob Dylan, ranar 27 ga Mayu, 1963, inda lissafin ya juya: 11 cikin 13 nasa ne. Amma a duba ƙarƙashinsu. Blowin' in the Wind, wadda ya rubuta a Afrilun 1962, ta taso ne daga No More Auction Block, waƙar bayin da suka tsira daga kasuwar gwanjon mutane. Shi da kansa ya yarda da haka, kuma akwai tef na Oktoban 1962 a gidan gahawa na Gaslight inda yake rera ta asalin. A Hard Rain's A-Gonna Fall ta ɗauki tsarin tambaya da amsa na Lord Randal, tsohuwar waƙar labari ta Ingila da Sikotilan inda uwa ke tambayar ɗanta da aka ba guba. Dylan ya riƙe tambayar, ya mai da amsar ta zama kallon duniyar da ke tsoron bam ɗin nukiliya. Ya rera ta a Carnegie ranar 22 ga Satumba, 1962, wata guda kafin Shugaba Kennedy ya sanar da rikicin makaman Kuba, don haka masu cewa rikicin ne ya haife ta sun yi kuskuren kwanan wata. A Disamba ya tafi Landan don wani wasan kwaikwayo na BBC, ya sadu da Martin Carthy, ya dawo da Scarborough Fair wadda ta zama tushen Girl from the North Country, da wata tsohuwar waƙar makoki wadda ta zama tushen Bob Dylan's Dream. Masters of War kuwa a kan karin Nottamun Town ta zauna. Salon da ake kira nasa, wanda ya sa Peter, Paul and Mary suka kai Blowin' in the Wind lamba ta biyu a kasuwar Amurka a 1963, aikin Song to Woody ne da ya girma.

A nan ne mai suka zai ce kayan aro ba ya rufe katara, kuma abin da nake kira makaranta sata ce aka yi wa ado. Yana da hujja. House of the Risin' Sun da ke faifan farko tsohuwar waƙa ce, amma tsarin kiɗan na Dave Van Ronk ne, abokinsa wanda ya sha ba shi masauki. Van Ronk ya ba da labari cewa Dylan ya nemi izninsa, ya ce gara ya bari tunda shi ma yana shirin naɗa ta, sai a lokacin ya ji cewa an riga an naɗa. Dole ya daina rera ta don mutane na cewa wurin Dylan ya ɗauko, har sai da ƙungiyar Animals ta Ingila ta yi kasuwa da ita a 1964, shi ma Dylan ya ɗanɗani irin wannan zargi. Jean Ritchie, wadda danginta a Kentucky suka adana Nottamun Town, ta nemi haƙƙinta aka biya ta. Kamfanonin mawaƙi Paul Clayton da na Dylan sun yi shari'a kan karin waƙar Dylan Don't Think Twice, It's All Right, aka sasanta a wajen kotu. Amsar da aka saba bayarwa ita ce haka al'adar take, kuma gaskiya ce: Guthrie kansa daga waƙar Carter Family ya ɗauki karin This Land Is Your Land. Mai karatun Hausa ba zai yi mamaki ba, tunda manazarta sun daɗe da nuna cewa Aliyu Namangi a kan karin caji ya ɗora Infiraji, kuma babu wanda ya ce hakan ya rage masa daraja. Sai dai wannan amsa ba ta biya bashin duka ba. A al'adar baka kari na kowa ne saboda babu mai sayar da shi. Dylan kuwa daga 1962 yana da manaja, Albert Grossman, yana da kamfanin Witmark mai rajistar waƙoƙinsa, kuma kowace rajista kuɗi ce da ke shiga aljihu ɗaya. Ya ɗebo daga rijiyar jama'a ya sayar a kwalba. Inda ya faɗi sunan mai abu, kamar yadda ya ambaci Eric von Schmidt da bakinsa a farkon Baby, Let Me Follow You Down, babu abin cewa. Inda ya yi shiru, laifi ne, kuma Van Ronk ya fi shi gaskiya. Ya kamata kuma a tuna cewa lokacin da Fixin' to Die ke fita a Columbia, mai ita Bukka White yana Memphis yana aikin ƙarfi, sai a 1963 wasu samari farar fata biyu suka nemo shi ta wasiƙa suka mai da shi fage. Amma duk wannan magana ce ta adalci. Ba ta rushe batun cewa ta aro ya koyi sana'ar ba, ƙara tabbatar da shi ma take yi.

Suka ta biyu ta fi wannan wuyar amsawa. Za a ce don mun san ƙarshen labarin ne muke jin alamun girma a faifan 1962, da ya mutu ko ya koma Hibbing a wannan shekara da babu mai tunawa da shi. Samari nawa ne a unguwar Greenwich Village ta New York suka rera waɗannan waƙoƙin, wasunsu da murya mafi daɗi da yatsu mafi ƙwarewa? Kamfanonin da suka fi kowa sanin waƙar gargajiya, Folkways da Vanguard da Elektra, ba su ɗauke shi ba. Na yarda da rabin wannan magana. Faifan farko shi kaɗai ba zai ajiye sunan kowa a tarihi ba, kuma duk wanda ya sa shi sahun manyan ayyukansa son rai ne ke magana. Amma Shelton da Hammond ba su san ƙarshen labari ba lokacin da suka tsaya masa, kuma Hammond ya sa sunansa a caca har aka yi masa dariya. Abu na biyu, hujjar ba ta tsaya kan daɗin murya ba, ta tsaya kan abin da kowa zai iya ji da kunnensa. A sa No More Auction Block ta tef ɗin Gaslight, a bi ta da Blowin' in the Wind. A sa 1913 Massacre, a bi ta da Song to Woody. Dangantakar a fili take, ba ta buƙatar a san wane ne ya ci Nobel. Abin da ya raba shi da sauran samarin shi ne su sun ɗauki tsofaffin waƙoƙin amana da za a adana yadda aka same su, shi kuma ya ɗauke su kayan aiki.

Saura masu cewa baiwa ce kawai, tunda tsakanin Nuwamban 1961 da Afrilun 1962 wata biyar ne, kuma babu makarantar da ke mai da mai kwaikwayo marubuci a wata biyar. Babu mai musun baiwa, kuma ba daga waƙar gargajiya kaɗai ya sha ba. Ya karanta Rimbaud, ya ji waƙoƙin wasan kwaikwayon Brecht, Hammond ya ba shi faifan Robert Johnson tun kafin ya shiga kasuwa, kuma rok bai taɓa fita daga jininsa ba: tun Disamban 1962 ya fitar da Mixed-Up Confusion tare da makaɗa, kamfanin ya janye ta da sauri, shekara biyu da rabi kafin ya rataya jitar lantarki a bikin waƙa na Newport ranar 25 ga Yuli, 1965. Amma wata biyar ɗin sun zo ne bayan shekara biyu na haddace ɗaruruwan waƙoƙi, kuma halinsa na baya ya nuna inda shi kansa yake ganin tushen yake. Bayan haɗarin babur na Yulin 1966, da ya ɓuya kusa da Woodstock a 1967, tsofaffin waƙoƙi ya fara rerawa da makaɗan da suka zama The Band kafin sababbi su zo. A farkon shekarun 1990, lokacin da rubutu ya ƙi, ya fitar da faifai biyu, Good as I Been to You a 1992 da World Gone Wrong a 1993, daga shi sai jita da harmonika, babu waƙarsa ko ɗaya, kusan sak faifan 1962 amma yanzu muryar ta tsufa da gaske. Abin da ya biyo baya shi ne Time Out of Mind a 1997, wanda ya ci Grammy ta faifan shekara. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma sau biyu ya koma gare ta. A laccarsa ta Nobel a Yunin 2017, kafin ya taɓa zancen littattafai, da Buddy Holly ya fara, da wani faifan Lead Belly da aka ba shi, da yadda ya haddace harshen waƙoƙin gargajiya har ya zama nasa.

Shekaru da yawa waɗannan naɗe-naɗe ba su fita ta ƙofar gaba ba. Tef ɗin Minneapolis ya fara yawo ne a 1969 cikin Great White Wonder, faifan bayan fage da ake sayarwa a farar riga ba tare da iznin Columbia ba. Sai a 1991 kamfanin ya fara fitar da su da kansa, a 2010 kuma ya saki waƙoƙin gwaji 47 da Dylan ya naɗa wa kamfanonin Leeds da Witmark tsakanin 1962 da 1964, inda ake jin yana tari, yana manta baiti, yana tsayawa ya yi gyara. Takardunsa yanzu suna Tulsa ta Oklahoma, a cibiyar da aka buɗe da sunansa a Mayun 2022, 'yan taku kaɗan daga cibiyar Woody Guthrie. Mai karatun da ke son gwada abin da na faɗa ya bi su yadda suka zo: tef ɗin Disamban 1961, sannan faifan Maris 1962, sannan na Gaslight, kafin ya taɓa Freewheelin'.